Kurakuran da Ake Yi Wajen Koya wa Magina Ginin da Ke Rage Siminti

Masana'antar siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki a duniya. Shi ya sa ake ta shirya wa magina bita kan bulon jar ƙasa da inji ke matsewa. Sai dai sau da yawa ana watsewa hannun magini bai canza ba.

Kuskuren farko shi ne tara mutane a ɗakin taro ana yi musu lacca da Turanci kan ɗumamar yanayi. Magini da hannu yake karatu. A kai shi fili, ya ga da idonsa yadda siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100 ke riƙe bulo. A gayyato leburori ma, domin su ne ke awo da kwaɓi.

Sai gwajin ƙasa, wanda akan tsallake. Ƙasar saman gona mai taki da saiwa ba ta bulo. Laka in ta yi yawa bulo ya tsattsage, yashi in ya rinjaya ya marmashe. A zuba ƙasa a kwalba da ruwa, a girgiza, a bar ta ta kwana. Tsakuwa da yashi da laka kowanne zai kwanta daban, a ga yawansa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne shanya. Wanda ya tashi da tubali ya san rana ce ke gama aiki, don haka yana ciro bulo daga inji sai ya baza shi. Alhali bulon da aka sa wa siminti danshi yake so. A lulluɓe shi da leda, a riƙa yayyafa ruwa mako ɗaya zuwa biyu, a jira wajen kwana 28 kafin a ɗora. In an yi gaggawa bango ya fara zuba, unguwa gaba ɗaya za ta yanke cewa ginin ƙasa na marasa hali ne, kuma wannan tabon yana daɗewa bai goge ba.

Shafen siminti a kan ɗanyen bangon ƙasa ma ɓarna ne: yana kulle danshi a ciki, daga baya ya ɓamɓare. Maganinsa harsashin dutse mai tudu, doguwar indararo, da yaɓen ƙasa mai makuba.

Kada kuma a bar tsofaffin magina a waje. A Dandaji ta Nijar, masu zanen gine-gine Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da matsattsen bulon ƙasa, aka kammala a 2018. Da suka zo mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu, maginan da suka gina shi tun farko suka nemo aka yi aikin tare.