Darasi na 7: Yadda Za Ka Haɗa Kwamfutar Aikin Sauti da Kuɗi Kaɗan

A wannan darasin za mu koyi yadda mutum zai haɗa kwamfuta da hannunsa, wadda zai ɗauki murya da ita, ya haɗa kiɗa, ya gyara sauti, ba tare da kuɗinsa sun tafi inda ba su da amfani ba. Ku karanta a hankali, duk kalmar da ta zo muku baƙuwa ku ja mata layi.

Abu na farko da nake so ya zauna muku a rai, kwamfutar sauti daban take da ta masu buga gem. Su masu gem rabin kuɗinsu kan katin hoto yake ƙarewa, kai kuwa mai aikin sauti ba ka da buƙatarsa sam, kar wani ya ruɗe ka da shi. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ce ke ɗaukar nauyin aikinka, duk wani fulogin, wato ƙaramar manhajar gyaran sauti, da ka ɗora wa murya, na amsa-kuwwa ne ko na daidaita ƙarfi, ita ke lissafinsa nan take. Toh ka nemi wadda ta zo da nata ɓangaren hoto a ciki. Misali Ryzen 5 5600G ta kamfanin AMD, ko Core i5-12400 ta Intel, kowacce ƙwaya 6 gare ta, wato sassan da ke yin lissafi, kuma sun ishi mai farawa har ya yi nisa. Amma ka lura, ta Intel in ka ga harafin F a ƙarshen lambarta, wato 12400F, wannan ba ta da hoto a ciki, in ka saya sai ka sake neman kati.

Madabod shi ne babban allon da komai ke zama a kansa, kuma dole mazauninsa ya dace da furosesar. 5600G a mazaunin AM4 take zama, 12400 kuma LGA1700. Ba ya sai mai tsada ba. Ram kuma, wato inda kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi, giga 16 ya yi, sai dai ka sayo shi sanda biyu, 8 da 8, don sun fi gudu a kan guda ɗaya mai 16. Wajen ajiya ka sa SSD, ma'ajiyar da babu abin da ke juyawa a cikinta, ka bar tsohon had dis mai faifai yana juyawa a ciki, yana da nawa kuma yana da ƙara, in ma kana da shi ka mayar da shi wajen adana kwafin ayyukan da ka gama. Sauti yana cin wuri fiye da yadda ake zato: murya layi ɗaya da aka ɗauka a tsarin fayil na WAV, bit 24, ana auna sautin sau 48,000 a daƙiƙa, tana cin kusan mega 8.6 a kowane minti. Don haka giga 500 shi ne mafi ƙanƙanta, tera 1 ya fi kwanciyar hankali.

Inda ba na so ku yi rowa shi ne fawa, wato akwatin da ke raba wa kayan wuta. Mai araha marar suna in ya ƙone yakan tafi da wasu kayan. Wat 450 zuwa 550 mai tambarin 80 Plus ya wadatar tunda babu katin hoto. Sai maganar shiru, wadda mutane da yawa ba sa tunawa sai sun kunna abin da suka ɗauka sun ji fanka na huci a bayan murya. Makirfo ba ya zaɓe, duk abin da ya ji ɗauka yake. Fanka babba mai milimita 120 tana juyawa a hankali ta fi ƙarama mai gudu shiru, kuma in an gama a ajiye akwatin kwamfutar nesa da makirfo.

Yanzu haɗawa. Kar ka jona komai da wuta tukuna, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannu don lantarkin jikinka ya sauka. Ɗora madabod a kan kwalinsa, ɗaga ɗan ƙarfen mazaunin furosesa, za ka ga wata 'yar alama mai kusurwa uku a gefe ɗaya na furosesar, akwai irinta a mazaunin, ka haɗa su fuska ɗaya ka saketa ta zauna da kanta. Kar ka danna, wallahi kar ka danna, ƙafafun nan sirara ne ƙwarai kuma in sun lanƙwashe ka shiga wahala, in ba ta zauna ba to ba daidai ka juya ta ba. Fankar da ke zuwa tare da ita yawanci da man sanyaya a shafe a ƙasanta, in babu ka ɗiga ɗigo ɗaya ƙarami a tsakiya. Ram kuma shi ake dannawa, har sai ka ji ƙas maƙallan sun kama, a allo mai rami 4 galibi na 2 da na 4 ake fara cikawa, duba ɗan littafin da ya zo da shi. Saura ɗaure allon a akwati a kan ƙusoshin da ke ɗaga shi daga ƙarfe, ka jona babbar waya mai baki 24 da ta furosesa mai baki 8, ka sa Windows.

Har yanzu da sauran abu ɗaya, kuma kuɗin da ka tsira da su daga katin hoto nan za su tafi: intafes, wani ɗan akwati da ake jonawa ta USB, makirfo ya shiga ta wayar XLR, abin kunne da sifika su fita. Focusrite Scarlett Solo ko Behringer UMC202HD duk suna yi wa mai farawa. Ramin makirfo na jikin kwamfuta yana kwaso tsaki da gurnanin wuta, shi ya sa ba a aiki da shi. In makirfonka kwandensa ne, wato irin mai buƙatar wuta daga intafes, sai ka danna maɓallin 48V kafin ya yi magana. Ka sauko da direban ASIO, wato manhajar da ke haɗa intafes da kwamfuta, na kamfanin da ya ƙera intafes ɗin, shi ne ke rage jinkiri tsakanin bakinka da kunnenka.

Wannan jinkirin a wajen bafa ake saita shi, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta yi aiki a kansa. Bafa kamar abin ɗiban ruwa ne, moɗa tana cika da wuri amma zirga-zirgar ta yi yawa, bokiti yana rage zirga-zirga amma sai ka jira ya cika. A 48,000, bafa 128 jinkirinsa bai kai milisakan 3 ba, 1024 kuwa ya haura 21, kuma wannan tafiya ɗaya ce kawai, zuwa da dawowa ya ninka. Lokacin ɗaukar murya ka sa 128 ko 256 don mai rerawa ya ji kansa a kan kari, in an zo gauraya sauti fulogin sun yi yawa ka fara jin ƙas-ƙas, ka ɗaga zuwa 512 ko 1024. Da yawa sun canza kwamfuta alhali wannan saitin ne kawai matsalarsu.

Manhaja kuma, Audacity kyauta ce kuma ta isa yanka da share murya, tun shekarar 2000 ake aiki da ita. LMMS ma kyauta ce ga mai haɗa kiɗa. Reaper na ba da gwajin kwana 60. Ka guji manhajar sata, ita ke shigo da bairos ta lalata aikin da ka sha wuya a kansa.

Aikin gida: rubuta sunayen kaya 7 da muka ambata da aikin kowanne a jimla ɗaya. Sannan ka lissafa, waƙa mai minti 5 da aka ɗauka a layi 20, in kowane layi yana cin mega 8.6 a minti, mega nawa za ta ci gaba ɗaya?