Yadda na gyara rikicin sigar Jackson a Maven

Manhajata ta Java tana amfani da Jackson, laburaren sarrafa bayanan JSON. A Maven, kayan aikin da ke haɗa manhaja ya jawo mata laburarorin da take buƙata, tana haɗuwa lafiya lau, amma da an kunna ta sai ta faɗi da NoClassDefFoundError, wato Java ta nemi wani aji (class) ta rasa, a kan StreamConstraintsException. Wannan ajin sai a jackson-core 2.15 ya shigo. Ke nan wata tsohuwar siga ce ta kutso.

Na fara da wannan umarni, mai nuna bishiyar laburarorin da manhajar ta dogara da su: mvn dependency:tree -Dverbose -Dincludes=com.fasterxml.jackson.core

Nan take gaskiya ta fito. jackson-databind yana kan 2.15.2, kuma yana jawo jackson-core 2.15.2, amma jackson-core 2.12.3 aka ɗauka, wanda wani laburare daban ya jawo.

Abin da mutane da yawa ba su lura ba shi ne, Maven ba ruwansa da wace siga ce sabuwa. Wadda ta fi kusa da tushen bishiyar yake ɗauka. Idan zurfinsu ya zo ɗaya, kamar a nan da duka biyun suke mataki na biyu, wadda aka fara rubuta laburaren da ya jawo ta a pom.xml, fayil ɗin saitin Maven, ita ke ci. Gradle kuwa, wani kayan haɗa manhaja irin Maven, siga mafi girma yake zaɓa, shi ya sa wanda ya saba da shi yakan ruɗe.

Sauya jerin layuka zai yi aiki, amma gyaran gangar auzinawa ne: wani ya ƙara laburare gobe, a koma gidan jiya. Sai na shigo da jackson-bom 2.15.2, jerin sigogin Jackson da suka dace da juna, cikin sashen dependencyManagement na pom.xml, type ɗinsa pom, scope kuma import, na cire lambar siga daga layin databind. Daga nan na kunna dokar requireUpperBoundDeps ta maven-enforcer-plugin, don ginin ya tsaya tun da wuri idan tsohuwar siga ta sake danne sabuwa.