Kafin a zaɓi asibitin da za a yi aikin ƙaba a sallami mutum a ranar

'Yan uwa, duk wanda za a yi wa aikin ƙaba a asibitin kuɗi a sallame shi a ranar, ya fara tabbatar da cewa likitan yana da lasisin MDCN, wato hukumar da ke ba likitoci izinin aiki a Najeriya, asibitin kuma yana da rajista da gwamnatin jiha, wadda a Kano hukumar PHIMA mai kula da asibitocin kuɗi ke bayarwa.

Abin da aka fi sakaci da shi, a ganina, shi ne mai ba da allurar kashe jiki: a tambaya ko ƙwararre ne, kuma ko zai tsaya a kan mara lafiya har ya farfaɗo. A nemi ganin tukunyar iskar oksijin da janareta da ido, sannan a ji wane babban asibiti suke tura mutum idan jini ya ɓalle cikin dare.