Darasi na 9: Taba da Hawan Jini

Duk wanda ya taɓa yin ban ruwa a fadama ya san abin da ke faruwa idan aka danne bakin tiyo da babban yatsa. Ruwan yakan fito da ƙarfi, ya yi feshi zuwa nesa, domin hanyarsa ta ƙuntata alhali injin bai daina turo shi ba. Haka zuciya take da jijiyoyin jini. Zuciya ita ce injin, jijiyoyi su ne tiyo, ƙarfin da jini ke dannar bangon jijiyoyi da shi yayin da yake wucewa kuwa shi ne abin da malamin asibiti yake aunawa idan ya ɗaura wa mutum ƙyallen awo a damtse.

Awon yakan ba da lamba 2. Ta sama tana nuna ƙarfin jini a lokacin da zuciya ta matse ta tura shi, ta ƙasa kuma tana nuna ƙarfinsa a lokacin da ta saki kafin bugu na gaba. Awon baligi mai lafiya yakan tsaya wajen 120 bisa 80. Idan aka auna mutum a ranaku daban-daban, ta sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90, to yana da hawan jini, ko da kuwa ba ya jin ciwon komai a jikinsa.

Abin da kara ɗaya yake yi

A cikin ganyen taba akwai wani sinadari da ake kira nikotin, wanda yakan isa ƙwaƙwalwa 'yan daƙiƙoƙi kaɗan bayan zuƙar farko. Da isarsa sai ya sa jiki ya saki adirenalin, wato sinadarin da ke sa gaban mutum ya faɗi idan ya yi kiciɓis da maciji a gona. Nan take jijiyoyi su tsuke, zuciya ta ƙara sauri, jini ya hau. Mai shan sigarin yana zaune a inuwa yana jin kamar hankalinsa ya kwanta, amma zuciyarsa tana aiki irin na wanda aka biyo a guje, kuma jinin yakan ɗauki kimanin minti 30 kafin ya sauko.

Mu yi lissafi. Kwalin sigari yana da kara 20. Wanda ke shanye kwali guda a yini, idan aka ba kowane kara minti 30, ya tara minti 600, wato awa 10 ke nan jininsa yana sama. Mai shan rabin kwali yana da awa 5.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Mutum yakan je asibiti tun da safe, ya zauna a layi awa 2 bai kunna ko kara ɗaya ba, a auna shi a ga awon ya yi daidai, ya koma gida yana cewa taba ba ta yi masa komai. Awon ya nuna halin da yake ciki ne a wannan zaman kawai, bai nuna sauran yinin da yake yi a tasha ko a bakin kasuwa ba. Saboda haka wajibi ne ya gaya wa malamin asibiti yawan abin da yake sha ba tare da ragi ba, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ɓarnar da ke taruwa a hankali

Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kuma wasunsu suna ƙuje bangon jijiya daga ciki. Inda ya ƙuje, kitse yakan manne, jijiyar ta yi tauri ta ƙuntata, ta daina miƙewa da saki kamar da. Hayaƙin yana kuma sa jini saurin gudajewa. Akwai har da iskar kabon monokzayid, irin wadda ke fita daga janareta ta kashe masu barci a rufaffen ɗaki, wadda ke ƙwace gurbin iskar numfashi a cikin jini, sai zuciya ta ƙara wahala kafin ta wadatar da jiki.

Idan hawan jini ya haɗu da irin waɗannan jijiyoyi, wata rana gudan jini yakan toshe hanya ko jijiya ta fashe. In a ƙwaƙwalwa ne, sai shanyewar ɓarin jiki, wadda sau da yawa akan ɗora wa iska ko jifa har a makara wajen kai mara lafiya asibiti. In a zuciya ne, sai bugun zuciya, wato ciwon zuciya na farat ɗaya. Ƙoda da ido ma suna lalacewa ta wannan hanya.

Kada a ɗauka sigari kaɗai ake nufi. Taba gari da ake ƙunsawa a baki ko a shaƙa tana da nikotin, ga kuma kanwar da akan haɗa ta da ita, wadda dangin gishiri ce. Shisha ma taba ce, ruwan tulunta ba ya tace gubar. Matar gida da yaran da ke shaƙar hayaƙin maigida a ɗaki su ma suna samun rabonsu, abin da ya sa dokar taƙaita shan taba ta Nijeriya ta shekarar 2015 ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba.

Idan aka daina

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa minti 20 bayan karan ƙarshe bugun zuciya da awon jini suna fara sauka, cikin awa 12 iskar gubar nan ta koma daidai a cikin jini, bayan shekara 1 kuma haɗarin ciwon zuciya ya ragu zuwa kusan rabin na mai sha. Watan azumi lokaci ne mai kyau na farawa, tunda wanda ya iya jurewa daga asuba zuwa magariba ya riga ya ci rabin aikin, sai dai ya guji jera kara 3 ko 4 da an sha ruwa. Idan ƙwawa ta taso, a riƙe asuwaki a baki ko a tauna aya, kada a mayar da gurbin da goro mai yawa, domin shi ma yana ɗaga jini. Wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini ya ci gaba da shan abinsa, ya kuma rage gishiri da dunƙulen miya.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya rubuta a littafinsa adadin karan da ya sha jiya, ko wanda wani na gidansu ya sha, ya ninka shi sau 30, sannan ya raba da 60 domin ya fitar da awoyi. Kafin zama na gaba ya je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a auna shi, bayan ya yi minti 30 bai sha taba ko shayi ba kuma ya zauna ya huta minti 5, ya rubuta kwanan wata da lambobin 2 ya zo da su aji.