Yadda ake ta da tsohon soro a mai da shi makarantar noma

Ranar da muka fara buɗe ƙyauren soron kakanmu, jemagu ne suka tarbe mu. Rufin ɗaki ɗaya ya rufta, gindin bangon gabas ya zaizaye har hannu na shiga, awaki sun mai da zauren makwanci. Matasan garinmu suka ce a rushe a zuba bulo. Ni kuwa na daɗe ina neman inda yara za su koyi noman da ba ya kashe ƙasa, wanda Turawa ke kira famakalca, tsarin da Bill Mollison da David Holmgren suka fito da shi a Ostireliya a shekarun 1970. Da na karanta shi sai na ga rabinsa abin da kakanninmu ke yi ne. Ga yadda muka bi, ko wani gari zai amfana.

Kafin ku taɓa ko tubali ɗaya, ku gama da maganar gado. Ku tara magada duka, maza da mata, har da na birni, a gaban dagaci da liman, a rubuta cewa an ba da aron gidan ko an yi waƙafinsa, kowa ya sa hannu. Kango ba shi da mai shi, amma ranar da ya yi kyau za ku ga masu shi.

Daga nan ku nemo tsohon magini, wanda ya yi aikin ƙasa da hannunsa, ba birkila ba. Namu ya haura saba'in, ba ya iya hawa tsani, amma ya zagaya gidan yana ƙwanƙwasa bango da sanda yana saurare. Inda ya ji amo kamar ganga ya ce gara ta cinye ciki. Na tambaye shi, “Baba, daga ina za mu fara?” Ya nuna sama da sandarsa ya ce, “Ɗana, bi ruwa. Duk inda ka ga ɓarna, ruwa ne ya bi ta nan.” Wannan magana ita muka riƙe har ƙarshen aiki.

Don haka rufi ne farko, kuma da rani, bayan an kai amfanin gona gida, lokacin da mutane ke da sarari ƙasa kuma ke bushewa da wuri. Ku sauke tsohuwar ƙasar rufin, ku duba azara ɗaya bayan ɗaya. Azarar giginya gara ba ta cika cin ta ba, shi ya sa za ku tarar da yawancinsu da sauran ƙarfi. Wadda ta ruɓe a bakin da ya shiga bango ita za a canza. Kada ku ɗora azara a tazarar da ta wuce kamar ƙafa 6 ba tare da abin tallafi ba, don za ta lanƙwashe. Wannan ne dalilin da ya sa magabata suka ƙirƙiro bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufi daga ciki, irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a masallacin Juma'a na Zariya. Idan soronku na da bakan gizo ya tsage, kada ɗan koyo ya taɓa shi. A kan azara a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a karkata ta sosai zuwa wajen indararo.

Indararon nan ku ba shi muhimmanci. Ya zama dogo, ya jefa ruwa nesa da bango. Gajeren indararo shi ya ci mana bangon gabas.

Ƙasar gini daga tsohuwar kududdufin gari muka ɗebo, muka haɗa da ɓaraguzan bangon da ya faɗi, domin tsohuwar ƙasa ba ta lalacewa, jiƙa ta kawai ake yi a sake aiki da ita. A zuba ruwa, a watsa yankakkiyar ciyawa da kashin jaki ko na doki, a tattake da ƙafa, a bar ta kwana da kwanaki ana juyawa har ta ruɓa ta yi danƙo. Ku gwada kafin ku yarda da ita: a mulmula dunƙule, a shanya, idan ya tsattsage yumɓu ya yi yawa, a ƙara yashi, idan ya marmashe a hannu yashi ya yi yawa. Tubali a bar shi a rana kamar mako biyu. Wurin ginin ma ba a gaggawa, a ɗora layi biyu ko uku a bari ya sha iska.

A nan na yi kuskuren da har yau yake damuna. Wani ɗan garinmu da ke birni ya aiko da buhunan siminti, ni kuma na ji nauyin mayarwa, muka shafe bango ɗaya da shi duk da Baba ya hana. Damina ɗaya ya yi. Siminti ba ya barin bango ya yi numfashi, danshi ya taru a bayansa, sai ga shi ya ɓamɓaro falle-falle ya tafi da ƙasar bangon. Dole muka kankare muka koma makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a kwaɓa ƙasar yaɓe da shi, ya ba bango launin ja mai duhu ya kuma hana ruwa shiga. Idan kuna kusa da marina, ku nemi katsi, wato ƙonannen dagwalon rijiyar rini, a haɗa da gashin jima, wanda majema ke kankarewa daga fata, da dafara, wani tsiro mai danƙo, a yi laso, yaɓen da ke hana ruwa shiga, don rufi da zanko, ƙahonnin nan na saman soro. A gindin bango kuma a gina dakali, ya tare feshin ruwan sama, tsofaffi su sami wurin zama.

Aikin da gayya muka yi shi, ranar da ba kasuwa. Mata suka ɗauki ɗiban ruwa da daɓe da girki, samari tattaka da jifan tubali, yara kwasar ciyawa. Ku sa kowane saurayi biyu a ƙarƙashin wanda ya iya, don makarantar ta fara tun ana cikin gyara. Ba mu kaɗai ba ne a wannan hanya: a Dandaji ta jihar Tawa a Nijar, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, aka gama a 2018, kuma da maginan gargajiya aka yi gyaran.

Yanzu sai gonar koyarwa, ita ma ruwa za ku bi. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 40, a shekarar da aka sami milimita 700, zai zubo lita 28,000. Ruwan da ke rusa gidan shi ne zai ciyar da lambun. Mun ajiye randuna da tanki a ƙarƙashin indararo, rarar kuma muka ja mata 'yar hanya zuwa rami mai nisa da bango, muka kewaye shi da zogale da rama da yakuwa. Kada ku shuka komai a jikin gini, ban ruwa zai jiƙa tushe.

A filin baya, inda ƙasa ta zama fako, muka haƙa tassa da rani: ƙananan ramuka, faɗi kamar taƙi ɗaya, a tara ƙasar ta gefen gangara, a zuba taki tafi biyu. Gara da muka kora daga gini a nan take da amfani, tana bin takin tana huda ƙasa ruwa ya shige. Da irin waɗannan ramuka Yacouba Sawadogo na Burkina Faso ya mai da fako daji. Sa'annan duk kututturen da ya tsiro ba mu sare shi, mukan zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi mu datse sauran. Wannan shi ne sassaben zamani da Tony Rinaudo ya fara yaɗawa tare da manoman Maraɗi a 1983. Idan kun sami gawo ku riƙe shi da hannu biyu: yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ga taki a gindinsa. Ku dasa ɗorawa da giginya ma, ko da ba ku za ku mora ba, don makuba da azarar gyaran gaba daga nan za su fito.

Zauren shi ne aji. Tabarmi muka shimfiɗa, muka gyara rumbu don ajiyar irin gero da dawa da wake na gida, kowane iri a cikin tulu da toka da sunansa a jiki. Wanda ya ari mudu ya mayar da mudu biyu bayan girbi.

Ku tsayar da ranar yaɓe a kowace shekara kafin ruwan farko, a rubuta ta cikin takardar nan ta gaban dagaci. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi kuma wani ya hau rufin da daro ɗaya na kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya cire ciyawar da ta tsiro, ya share bakin indararo, ya toshe duk tsagar da ya gani tun tana kamar zare.