Yadda Ake Girka DSpace Domin Taskance Kundayen Bincike

A kowace shekara ɗalibai a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi, da Jami'ar Jihar Gombe, da ta Tarayya da ke Kashere suna miƙa kundayen digiri masu ɗauke da bincike kan noma, lafiya da harsunan yankinmu. Kundin da ya tsaya a kan kantar laburare mutum ɗaya ne ke iya karanta shi a lokaci guda, ga ƙura da gara suna jiransa. Maganin wannan shi ne taskar dijital, kuma manhajar da jami'o'i suka fi amfani da ita ita ce DSpace, wadda jami'ar MIT ta Amurka da kamfanin HP suka fitar a 2002, kyauta ce ga kowa.

Kafin a taɓa komai, a san cewa tun daga DSpace 7, wadda ta fito a 2021, manhajar ta rabu gida biyu: ɓangaren baya da aka rubuta da Java, wanda ke riƙe da bayanai, da ɓangaren gaba da aka gina da Angular, wanda shi mai karatu ke gani. Kowanne girkinsa daban. A tanadi sabar, wato kwamfutar da za ta ɗauki taskar, mai tsarin aiki na Ubuntu, kuma a ganina kada ƙwaƙwalwarta ta gaza gigabait 8, domin manhajoji huɗu ne za su zauna a kanta lokaci guda: ɓangarorin DSpace biyu, da ma'adanar bayanai, da manhajar neman bayanai.

Abin da ya fi jefa mutane cikin wahala shi ne rashin daidaita zubin manhajojin, wato lambar fitowar kowace. DSpace 8, wadda ta fito a 2024, tana buƙatar Java 17 da Tomcat 10.1 (manhajar da ke gudanar da ɓangaren baya), alhali DSpace 7 da Tomcat 9 take aiki. Wanda ya haɗa su a karkace zai kwana yana neman laifi a inda babu shi. Bayan waɗannan sai a saka PostgreSQL mai riƙe da ma'adanar bayanai, Solr mai neman bayanai, da Maven da Ant masu harhaɗa manhajar. A buɗe ma'adanar bayanai mai suna dspace, a kunna mata ƙarin PostgreSQL mai suna pgcrypto, sannan a kwafi fayil ɗin local.cfg.EXAMPLE a mayar da sunansa local.cfg, a rubuta kalmar sirrin ma'adanar da wurin da za a girka manhajar. Daga nan sai umarni uku a jere: mvn package, sai ant fresh_install, sai dspace database migrate. Na farkon yana sauke fayiloli masu yawa daga intanet, don haka a yi shi lokacin da layi ke da ƙarfi. A kwafa jakunkunan Solr da na server zuwa mazauninsu a cikin Solr da Tomcat, a ƙirƙiri mai kula da taskar da dspace create-administrator.

Ɓangaren gaba yana buƙatar Node.js, kuma ana barin shi a hannun manhajar PM2 domin ya tashi da kansa duk lokacin da sabar ta sake kunnuwa. A nan ne ya kamata a natsu sosai. A cikin local.cfg akwai layuka biyu, dspace.server.url da dspace.ui.url, kuma dole adireshin da ke cikinsu ya yi daidai da wanda aka rubuta a config.prod.yml na ɓangaren gaba, harafi da harafi. Idan ɗaya ya ce https ɗayan ya ce http, ko ɗaya ya ɗauki localhost (adireshin da na'ura ke kiran kanta da shi) ɗayan ya ɗauki sunan jami'a, shafin zai buɗe fari fat ko ya nuna kuskure mai lamba 500, ko kuma ya buɗe amma ya ƙi karɓar kalmar sirri. Mutane da yawa kan goge komai su sake daga farko saboda wannan, alhali gyaran layi ɗaya ne.

Tomcat yana sauraro a ƙofa (port) ta 8080, ɓangaren gaba a 4000, Solr kuma a 8983. Kada a bar ko ɗaya a buɗe ga duniya, musamman Solr. A sa manhajar sabar yanar gizo, Nginx ko Apache, a gaba ya riƙa karɓar baƙi, a ɗaura masa takardar shaidar tsaro ta Let's Encrypt, wadda ke ƙarewa bayan kwana 90, don haka a saita ta ta riƙa sabunta kanta.

Saura batun da ya fi damuna. Ɗaukewar wuta ba zato na iya lalata ma'adanar bayanai, kuma zafin Maris da Afrilu a Bauchi da Gombe ba ya raga wa na'ura. Sabar da ke cikin harabar makaranta tana buƙatar inbata da batura ko sola, da ɗaki mai sanyi wanda ƙurar hunturu ba ta shiga. Kowane dare a kwafi ma'adanar da umarnin pg_dump, a haɗa da jakar assetstore inda ainihin kundayen suke, a ajiye su a wata na'ura da ke wani gini daban. Lokaci-lokaci a gwada mayar da kwafin a kan wata kwamfuta, a tabbatar yana buɗewa. Daga nan sai a miƙa taskar ga ma'aikatan laburare, su tsara tsangayoyi da sassa, su cike sunan marubuci, take da shekara bisa tsarin bayyana takardu na Dublin Core, domin da waɗannan bayanan ne Google Scholar ke gano kundin.