Yadda malami zai nuna wa ɗalibai cin abincin kifin shak na zurfin teku

Yaron da ya tashi a Tahoua bai taɓa ganin teku ba, babban ruwan da ya sani bai wuce tafkin Tabalak ba, saboda haka malamin da ya tsaya ga rubutun allo kawai zai tarar an haddace darasi ba tare da an gane shi ba. Abin da ya fi shi ne a fara da kifin kasuwa. A sayo tarwaɗa da giwan ruwa waɗanda ba a cire musu kayan ciki ba, a shimfiɗa leda a kan tebur, ɗalibai su buɗe bakin kowane su duba, sannan a tsaga tumbi a ga abin da ya haɗiye. Da irin wannan dubawa ta baki da tumbi masana suka gano abincin kifayen da ba a cika ganinsu da rai ba.

Daga nan sai a kawo maganar duhu. A cikin teku, hasken rana yana raguwa ƙwarai bayan zurfin mita 200, idan aka kai mita 1,000 kuwa babu shi sam, don haka tsiro ba ya fitowa, abinci kuma ya yi ƙaranci. A tuna musu da leƙen rijiya mai zurfi, a kuma faɗa musu cewa shak, wani nau'in kifin teku mai cin nama, yana da ƙananan ramuka a fatar hancinsa da suke jin ɗan lantarkin da ke fita daga jikin mai rai, ko da ido bai gan shi ba.

Kada a cika su da sunaye, misali uku sun isa. Shak na Girinlan, tsibirin ƙanƙara da ke can arewacin duniya, ba ya ɓarnar ƙarfi, tafiyarsa ta yau da kullum ba ta kai kilomita 2 a awa ba, yana cin kifi, yana cin mushe kamar ungulu, har an taɓa samun naman barewar ƙasashen ƙanƙara a tumbinsa. Binciken da aka buga a 2016 ya ƙiyasta cewa wata macensa ta kai aƙalla shekara 272. Shak mai ƙaton baki, wanda aka fara ganowa a 1976 kusa da tsibiran Hawai na Amurka, yana tace ƙananan halittun ruwa ne, yana bin su sama da dare, ya koma ƙasa da rana.

Na uku shi ya fi cancanta a daɗe a kansa, domin a ganina shi ne yara ba sa mantawa. Sunansa na kimiyya Isistius brasiliensis, tsawonsa kimanin rabin mita ne kawai, amma yana cin naman dabbobin da suka ninka shi girma sau da yawa, irin su kifin tuna da wel, ƙatuwar dabbar nan ta teku. Yakan manne da leɓɓansa a jikin dabbar, ya kafa haƙoran ƙasa masu kama da zarto, ya juya jikinsa, ya fice da tsoka mai siffar da'ira, dabbar ta tafi da rauni amma da ranta. Har robar jikin jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa an samu ya gatsa.

Domin nuna wannan, a samo kankana da ƙaramin gwangwanin tumatir da aka cire wa murfi. Malami da kansa zai riƙe gwangwanin, saboda bakinsa yana yanka, ya danna shi a jikin kankanar, ya murɗa a hankali, ya zaro. Sai a zagaya da kankanar layi-layi, kowane ɗalibi ya sa yatsa a ramin ya ji zurfinsa, sannan ya zana a littafinsa irin haƙorin da yake ganin zai iya barin wannan alama.